Ta jirgi, Yola kusa ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Sadiya, mai sayar da atamfa a Kakuri, nan Kaduna.

Watan jiya, wata rana da safe, yayana ya kira ni daga Yola, ya ce Inna ta cika. Tun tana da rai ta bar wasiyya cewa ni zan yi mata wanka. Ɗana ya duba waya, ya ce, "Mama, ta jirgi bai fi awa ɗaya da ɗan abu ba." Sai na roƙi Yaya, don Allah a jira ni zuwa la'asar.

Malam, wayar ba ta faɗa mana cewa ranar babu jirgin da zai tashi daga Kaduna zuwa Yola ba! Sai da muka kai filin jirgi aka ce mu tafi Abuja. Na shiga mota ina kuka. A Abuja kuma aka ɗaga tashi, aka sake ɗagawa, babu wanda ya ko dube mu.

Ina zaune kan benci Yaya ya kira. Ya ce, "Zafin garin nan kin san shi. Mun ajiye tsohuwa tun safe saboda ke, liman yana ta faɗa. Maƙwabciya ta yi mata wanka, mun kai ta."

Washegari na isa, ƙasa kawai na tarar. Har yau Yaya ba ya ɗaga wayata.

Jama'a, kafin ku ce a jira ku da gawa, ku tabbatar akwai jirgin. Malamai kuma ku faɗa mini: wasiyyar Inna tana wuyana har yanzu?