Hannuwan Inna Kyauta

Da sunan Allah nike farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma Hakimi, shugaban wanga taro, ranka ya daɗe. Malam Alƙali, Allah ya ƙara basira. Malam Isa, limamin garinmu, Allah ya gafarta malam. Likita da ya taso tun daga Sakkwato, da wakilin hukumar En'e da ya rako shi, barkanku da zuwa. Dagatai da masu unguwanni, dattawan Magarya, baƙinmu na Marnona da Wurno da Rabah, iyayenmu mata da ke zamne can gindin tsamiya, assalamu alaikum.

Sunana Attahiru. Ni ne malamin lamba na wagga gunduma, mai tsaga wa yara dantse don rigakafin agana, kuma bana shekarata goma sha biyu a kan aikin. Ina godiya ga Hakimi da ya ba ni damar magana ranar da ake buɗe ɗakin shan magani na farko a garin nan. Ina godiya ga waɗanda suka kwaɓa ƙasa, da waɗanda suka ɗauko azara, da matan da suka yi ɗaɓe har ƙasan ɗakin ta yi sulɓi. An umarce ni in yi bayanin ranakun ba da magani da yadda za a riƙa bin layi. Zan yi, amma ina neman izini in fara da labarin macce guda, domin ba don ita ba da wuya a yi ginin nan a Magarya. Yabon gwani ya zama dole.

Magana ta farko, yadda na sami garin nan.

Na iso shekara goma sha ɗaya da suka wuce, cikin bazara, da akwatin magani a bayan keke. Lokacin agana ta riga ta shiga ƙauyukan hayin gulbi, ana binne yara safe da marece. Na ɗauka zan tarar da iyaye suna jirana. Sai na tarar da gari ba yaro ko ɗaya a fili. Kwana ukku na yi zamne ƙofar dagaci, in buɗe akwati da safe in rufe shi da la'asar ban taɓa dantsen kowa ba. An ɓoye ɗiya cikin rumbuna, an ɓoye su cikin fadama tsakanin fangalan albasa. Kowa na tambaya sai ya ce ɗiyansa sun tahi ganin dangi.

Ban ga laifinku ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Shekarun yaƙi ba su daɗe da wucewa ba, kun ga an ɗebi samari zuwa soja, an ɗebi wasu zuwa haƙar kuza, wasu ba su dawo ba. Da aka ce ga wani ya zo zai sa wa ɗiyanku lamba, sai kuka tuna yadda ake sa wa shanu lamba, kuka ce shaida ce Nasara ke yi don su san waɗanda za su ɗiba in sun girma. Na yi rantsuwa, na tuɓe rigata na nuna tawa lambar, ba wanda ya saurara. A rana ta ukku na ɗaure akwatina, na ƙudura cewa in kasuwa ta watse gobe zan koma Wurno in ce na kasa.

Magana ta biyu, abin da ya faru ranar kasuwa, kuma da yawanku kuna wurin.

Duk Magarya an san Inna Kyauta mai daddawa. An santa da baƙin mayafi da take naɗewa da shi tun daga wuya har wuyan hannu, rani da damina. Da shi take daka, da shi take tafasa kalwa bakin wuta a tsakiyar bazara, zufa na zuba ba ta sassauta shi. An san akwai 'yar zanzana a fuskarta, wato tabon da agana ke bari, amma abin da ke ƙarƙashin mayafin ba wanda ya taɓa gani, har ɗanta Lawwali da ta haifa daga baya. Ita da kanta ta gaya mini dalili. Bayan ta tashi daga ciwon tana ƙuruciyarta, ta je rijiya da ɗaurin ƙirji kamar kowace macce, sai wata yarinya ta ga hannuwanta ta fashe da kuka, matan da ke wurin suka janye tulunansu. Daga ranar ta rufe jikinta, ta kuwa rufe shi shekara arba'in.

Ranar kasuwar, da hantsi, ina zamne gindin waccan tsamiya, sai na ga ta taso daga rumfarta riƙe da hannun jikarta Habi, 'yar shekara biyar. Ta ratsa masu albasa, ta ratsa mahauta, ta zo ta tsaya gabana. Ta juya ta fuskanci kasuwa, ta warware mayafin nan, ta naɗe shi ta aza bisa akwatina, ta tsaya daga ita sai zanen da ta ɗaura a ƙirji da kallabinta.

Jama'a, na ga agana a garuruwa da yawa, na wanke masu ita, na rufe waɗanda ta kashe. Ban taɓa ganin wanda ta yi wa haka ya rayu ba. Daga kafaɗa har tsintsiyar hannu babu wurin aza yatsa da ba rami. Inda ƙurajen suka haɗe, fatar ta tattare kamar ƙasar fadama in ruwa ya janye. Kasuwar nan da ba a jin maganar na kusa ta yi tsit, har kukan akuya daga turke ana ji. Ta ɗaga hannuwan biyu sama, ta juya su a hankali don na baya su gani, sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

Ta ce, "Ku duba da kyau, kak ku kau da kai. Wagga ita ta agana. Ɗiyana ukku tac ci cikin kwana bakwai, ni kau tab bar ni haka. Kuna tsoron tabo guda da malam ka yi, ni ga dubu gare ni, ba wanda yat tambaye ni kahin a yi min su."

Sai ta jawo Habi ta ɗaga mata hannu ta ce in yi mata. Na ɗauki 'yar aska, na tsaya ina duban jama'ar da suka kewaye mu. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kak ka ji tsoro, ni ag gaba." Na yi wa yarinyar tsaga guda na ɗiga magani. Kafin azahar mata tara sun fito da nasu ɗiyan, wasu da ƙaiƙayin rumbu a kansu.

Kada ku ɗauka nan aka gama. Kwana bakwai bayan haka dantsen Habi ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, kamar yadda lamba ke yi in ta kama. Gari ya ɗauka cewa tsohuwa ta kashe jikarta. Waɗansu daga cikin matan nan tara suka matsa lemun tsami da toka a kan tsagar ɗiyansu don su kashe maganin. Lawwali, uban yarinyar, ya zo ya tsaya kaina yana huci, ya ce in ɗiyarsa ta mutu gaban alƙali za mu. Ni kaina, da na san zazzaɓin mai wucewa ne, sai da na tsorata. Inna Kyauta kuwa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fili inda kowa ke wucewa, ta rungume yarinyar da hannuwan nan nata a buɗe, ta hana kowa ya kusanci tsagar da lemu. Kwana ukku tana nan tun safe har rana ta yi sanyi. A na huɗu Habi ta tashi ta nemi fura.

Cikin makon da ya biyo na yi wa yara fiye da ɗari biyu lamba. Agana ta ƙetaro gulbi kafin ruwan farko, ta shiga garin nan, ta ɗauki yara goma sha huɗu, Allah ya jiƙansu. Babu ko ɗaya a cikinsu wanda lambarsa ta kama. Iyayensu suna cikin wanga taro, ban faɗi haka don in tayar musu da miki ba, na faɗa ne don gani ya kori ji. Da rahoton ya isa Sakkwato aka fara sanin sunan Magarya a ofishin likita, kuma tun daga nan ake maganar ginin da muke buɗewa yau. Habi kuwa ga ta can da goyo, kuma ɗanta ma na yi masa lamba watan jiya.

Magana ta ukku ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma ita ce dalilin tsayuwata.

Da annoba ta wuce, kowa ya zaci Inna za ta koma cikin mayafinta, tunda buƙata ta biya. Ba ta koma ba. Ta ci gaba da zuwa kasuwa da ɗaurin ƙirji, mayafin na naɗe a kanta, sai lokacin salla take sauko da shi ta lulluɓe. Lawwali abin ya dame shi, don abokansa na yi masa ba'a. Ya je Wurno ya sa aka ɗinka mata riga irin wadda matan birni suka fara sawa, mai hannu har wuyan hannu, ya kawo mata da ladabi. Ta sa masa albarka, ta yaba yadin. Washegari ta kai wa Mu'azu tela ta ce ya farke hannuwan daga kafaɗa ya kalmashe bakin. Mu'azu ya ce ai ɓata riga za a yi, ta ce ya ba ta ƙyallen ta yi wa Habi ɗan tofi da shi. Ranar Juma'a ta fito da rigar tana ta gaisawa da mutane. Da Lawwali ya tambaye ta mi ya sa ta yi masa haka, ga abin da ta ce:

"Lawwali, shekara arba'in ina ɓoyon abin da ban sata ba. Ran da niy yar da mayahin ga nij ji iska bisa kahwaɗata, sai da niy yi hawaye, don na mance yadda takai. Ba ni komawa."

Wasu suka kai ƙara wurin Malam Isa, suka ce tsohuwa ta zubar da kunya. Malam na nan zamne, in na yi kuskure ya gyara mini. Ya ce musu shari'a ta sauƙaƙa wa tsohuwar da ta wuce sha'awar aure ta rage lulluɓi, muddin ba ado take nunawa ba. Ya tambaye su ko a cikinsu akwai wanda ya ga ado a hannuwan Kyauta. Suka ce a'a. Ya ce to shi wa'azi yake gani, kuma wa'azin ya ratsa inda nasa na shekara ashirin bai ratsa ba.

Tun daga lokacin, duk ƙauyen da suka ƙi ni, sai in zo in roƙi Inna ta raka ni. Mun je Marnona tare, mun je Shinaka, mun je rugagen Fulani na wajen Goronyo, tana bisa jaki ina tura keke. Ba ta yin dogon bayani. Ta sauka, ta zamna inda mata suke, ta miƙa hannu a gaisa. In yaro ya tsorata sai ta kira shi ta ce ya zo ya taɓa, ba ya cizo. Na ga macce mai shekara saba'in ta shiga taron baƙi kafaɗa a buɗe, kai a miƙe, manyan maza suna sunkuyar da kai suna ba ta hanya. Na ga sarakuna da alkyabba, ban ga wanda tufafinsa suka yi masa kwarjini kamar yadda rigar nan marar hannu ta yi mata ba.

Yanzu zan faɗi abin da ke ba ni kunya, a gaban Hakimi da kowa. Yau da safe wasu daga cikinmu masu shirya taro muka zamna muka ce manyan baƙi za su zo, bai kamata su ga tsohuwa haka ba, a roƙe ta ta yafa wani abu ko ta zamna can baya. Ni aka aika, kuma na je. Ni da na ci albarkacin hannuwan nan shekara goma sha ɗaya, na durƙusa gabanta ina kame-kame. Ta bar ni na gama, sannan ta yi dariya ta ce, "Attahiru, likita za ya zo, ko ba likita ba? To mi za ni ɓoye mai? In bai iya kallon wanga, ɗakin mi yag gina?"

Na taso na bar ta yadda take. Inna, a gaban jama'a nike neman gafararki.

Saboda haka ina da roƙo. Ku iyayenmu mata da shekaru suka ja, wadda ke da tabon wuta, wadda fatar dantsenta ta saki don daka da surfe da goyon ɗiya goma, ba abin kunya kuke ɗauke da shi ba, kada zafin bazara ya kashe ku don tsoron bakin mutane. Ku samari, ku kama harshenku, hannun da kuke yi wa dariya shi ya tuƙa tuwon da ya girmar da ku. Ku iyaye duka, Litinin da Alhamis ɗakin nan na buɗe tun hantsi, mata da yara su ake fara gani, ku kawo su tun ciwo bai ci ƙarfinsu ba.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, ranka ya daɗe. An tsara cewa kai za ka buɗe ƙofa. Ina roƙon in ka buɗe, ka yarda Inna Kyauta ta zama ta farko da za ta taka ɗaɓen ɗakin nan, cikin rigar da ta zo da ita. Na ga Hakimi ya ɗaga hannu ya amince. Inna, taso. Jama'a, a buɗa mata hanya.

Allah ya ja zamanin Hakimi. Allah ya sa ɗakin nan ya zama wurin samun sauƙi ga duk wanda ya shige shi. Allah ya jiƙan ɗiyanmu da suka riga mu, ya raya waɗanda suka saura, ya tsare garuruwanmu daga annoba. Allah ya ba Inna Kyauta lafiya da cikawa da imani, ya haramta wa hannuwanta wuta. Baƙinmu, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.