Na Ce Wa 'Yan Dubiya Olsa Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Utai nake rubutowa, don Allah a sakaya sunana.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. An yi wa Innata aikin ciwon dajin hanji a Kano. Ba a farke cikinta ba, 'yan ƙananan huji aka yi aka zura kyamara. Da 'yan dubiya suka tambaye ni, kunya ta sa na ce olsa ce.

Yanzu Gwaggona tana ganin jini a bahaya. Jiƙon basir take sha, wai, "Ni ba za a feɗe ni kamar tunkiya ba."

Malam, yaya yarinya take faɗa wa babba irin wannan? Ni dai gobe zan roƙi Inna ta nuna mata tabon.