Ƙamshin Tsohon Kabad

A shagon tsofaffin kayan ɗaki, wata mata ta tsaya gaban wani kabad mai gilashi, wani dattijo yana gefenta.

"Tabarkalla! Baba, dubi aikin mutanen da. Ko ƙusa ɗaya ban gani ba."

"Buɗe ki shinshina, 'yata."

"Ikon Allah! Turare ne, kamar yau aka zuba!"

"Shekara arba'in matata tana ajiye turarenta a ciki."

"Au, naka ne?"

"Yara suka sayar bayan rasuwarta. Ni dai nakan biyo in ga ko yana nan."

"Wayyo, Baba. To na fasa saya."

"A'a, ki saya, gida ya fi masa nan. Sai dai don Allah kada ki wanke cikinsa da sabulu."