Akushin Malam Yana Dawowa a Rufe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Maska nake rubuto muku.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin maigidana ya ci tuwo shi kaɗai ba. Da an idar da sallar magariba, shi da maƙwabtansa uku kowa zai fito da akushinsa ƙofar gida, su yi ciyayya suna gardamar taki da auduga.

Da korona ta zo aka ce kowa ya zauna gida, sai aka naɗe tabarmar. In kai masa tuwo ɗaki, in ɗauko shi yadda na kai. Na ce, "Malam, ko miyar ce?" Ya ce, "Miya lafiya lau, ni kaɗai ne ba ya wuce mini." Na gwada zama mu ci tare, kunya ta hana mu. Mutum mai barkwanci ya koma shiru, yara suka daina shiga wurinsa, ni ma na rasa abokin hira.

An buɗe gari tuni, amma Malam Sule ya rasu cikin kullen, sauran biyun kuma sun saba ci a cikin gida. Har yau Malam yakan shimfiɗa tabarma a waje, ya zauna da akushi a rufe har a kira isha'i.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Alhaji Bala da Malam Iro, na san kuna jin shirin nan. Yau miyar kuka na yi, har da man shanu. Don Allah ku fito.