Na Yi Bayani da Hausa, Aikina Na Rawa

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar kuɗi a Kafanchan.

Ran Laraba ina koyar da kalmar “on”. Yara sun haddace ma'anarta, amma ba mai iya amfani da ita. Sai na ɗora kofi a kan tebur, na nuna kalanda a jikin bango, na yi musu bayani da Hausa. Nan take Ladi, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta haɗa jimla daidai.

Ashe mai makarantar yana bakin taga. Ya kira ni ofis ya ce, “Madam, iyaye ba su biya kuɗi don 'ya'yansu su ji yaren kasuwa ba.” Da Hausa ya faɗa mini, wataƙila don in gane sosai.

Yanzu wai ko in ba iyaye haƙuri a taronsu na Asabar, ko in ajiye aiki. 'Ya'yana biyu, kuma ba a tsintar aiki a titi. Jama'a, ku ba ni shawara: in na tsaya gaban iyayen nan, laifin me zan ce na yi wa 'ya'yansu?