Mai Shiga Ramin Zinari Ya Tsere wa Allura

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Anka, ƙarar ƙanena Sani na kawo.

Matarsa ta yi ɓari sau huɗu, an rasa dalili. Likita a Sakkwato ya ce wataƙila garkuwar jikinta ce ke ƙin cikin. Ya ce akwai maganin gwaji, babu tabbas: a ɗebi cokali ɗaya na jinin miji, a tace, a yi mata allura da shi.

Jarumin namu, mai shiga ramin zinari a Bagega, yana ganin sirinji ya ce, "Yaya, bari in yi alwala." Sai a tasha muka tsince shi!

Ita ta zubar da jini sau huɗu, shi cokali ɗaya ya gagare shi. Masu sauraro, yaya zan yi da wannan rago? Sani, na san kana ji.