Ta Inda Kailu Ya Buɗe Littafi

A tashar motocin haya na gbaka da ke Roxy, Kailu mai sayar da atamfa ya ga wani mai furfura yana karanta littafin yara.

"Malam, da gemunka?"

"Koyarwa nake yi a lekol, makarantar boko, Alhaji. Ba na ba yara littafi sai na karanta shi. Hutun nan kaf a kansu na ƙare."

Kailu ya waiga, ya zaro wani daga aljihu.

"To, duba mini wannan. A jakar ɗiyata Zuhura na ƙwace shi. Ban iya Faransanci ba, amma ina da ido. Ga yarinya cikin iyayenta, ga ta da jaka a hanya, ga ta ita kaɗai a tasha tana kuka. Gudu daga gida ake koya musu."

"Ta ina ka buɗe?"

"Ta inda ake buɗe littafi mana. Ta dama."

"Namu na makarantar zaure ke nan, Alhaji. Wannan ta hagu yake farawa. Ɓata ta yi a tasha, ta nemi hanya, ta koma gida."

Kailu ya juya littafin, ya bi hotunan har yarinyar ta isa hannun uwarta. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Sai dai jiya na tara gidan, na yi wa'azi a kansa, har na hana ta lekol."

"Sai ka ce ka yi kuskure."

"A'a, malam. Zan ce na bincika, yarinyar ta tuba."